Laka a Takalmin Baƙo

Lyall Mattner ya shekara ashirin da biyu yana datse rassan inabi da tsinkar 'ya'yansa a gonakin mutane kafin bayansa ya ƙi. Da likita ya hana shi sunkuyo, sai ya sayi ƙaramar bas mai kujera goma sha biyu, ya shiga yawo da baƙi daga wannan gidan giya zuwa wancan a kwarin Barossa. Ƙarfe tara yake kwasar su a ƙofar otal, kowa fes, ana gaishe shi da ladabi. Kafin la'asar sun ɗanɗana giyar gida biyar, wasu na waƙa, wasu na barci baki buɗe, shi kuwa ban da ruwa babu abin da ya sha. Aikin bai dame shi ba. Abin da yake ci masa rai shi ne a kira shi direba.

Yana da abu ɗaya da sauran masu bas ba su da shi. Yayan matarsa, Errol Wundke, yana da garka a kan tudu, layi goma sha huɗu na tsofaffin itatuwan inabi da kakan kakansa ya dasa. Gajeru ne, murɗaɗɗu, gindin kowanne ya kai cinyar ƙato, kuma ba a taɓa yi musu ban ruwa ba. Errol ba ya karɓar baƙi, ko allo bai kafa a bakin hanya ba. Amma saboda ƙanwarsa Noelene, ya ba Lyall makullin ƙofar baya, ya yarje masa ya riƙa hawowa da bas har bakin shingen waya.

Ranar da ya ba shi makullin ya ce, "Su tsaya bayan waya su kalla. Ko fasto ka kawo, bayan waya. Kai kanka in za ka shiga, ka tsoma takalminka a daron maganin nan ka ƙirga sittin. Ban ce hamsin da tara ba."

Duk wanda ya tashi a kwarin ya san dalili. Kwarkwatar saiwa ake tsoro, wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ido da ƙyar yake gani. Tana bin laka a takalmi ko a tayar mota, ta shige ƙasa ta yi ta tsotsar saiwa har itace ya mutu, kuma ba ta da magani. Inda ta shiga sai a tumɓuke gona a sake dashe. Ta cinye gonaki a wasu sassan jihar Victoria, amma ba ta taɓa ƙetarowa nan ba, shi ya sa itatuwa irin na Errol suke raye har yau. Yaran firamare ma sun san wannan, balle Lyall.

Wata Asabar a farkon watan Maris, ana tsakiyar kaka, zafi kamar zai fasa kai, ya ɗauko wasu 'yan gida ɗaya su tara, sun zo murnar cikar iyayensu shekara arba'in da aure. Uban sunansa Clive Ormsby, wani jibgege mai jan wuya, tsohon mai gyaran famfo, irin mutanen da ba sa iya magana a hankali ko a gidan makoki. Tun a gidan giya na biyu ya fara yi wa Lyall tsiya, bas kuwa tana ta dariya.

Da suka tsaya a bakin shingen Errol, kowa ya sauko yana fifita da hula.

Clive ya ce, "Direba, shekararsu nawa ka ce?"

"Ɗari da talatin da ɗoriya."

"Haka kuke gaya wa kowa. Gidan da muka baro ma ɗari aka ce mana. Ku a nan ko tsintsiya aka nuna wa mutum sai a ce kakan wani ne ya zo da ita daga Jamus."

Aka bushe da dariya. Lyall ya juyo ya dubi Clive.

"Da hannuna na datse su, shekara goma sha biyar," in ji shi. "Babu wanda ban sani ba a cikinsu."

"To ai sai ka nuna mana, mutumina. Daga nan ni dai kututture kawai nake gani. Ko mai gonar ba ya barin direba ya shiga?"

Lyall ya dubi daron maganin. Ya bushe ƙarƙaf, sai farin gishiri-gishiri a ƙasansa da busassun ganye. Tun ranar Talata yake cewa zai zo da jarka ya cika shi, jarkar kuwa tana can gida a gareji. Ya dubi mutanen, duk ido a kansa, matar Clive mai suna Maureen har ta fito da wayarta.

Hannunsa yana kan sarƙar ƙofa ya ce, "Babu dai wanda ya shiga wata gonar inabi kwanan nan ko?"

Da dariya ya faɗe ta, kuma ƙasa-ƙasa. Rabinsu ba su ji ba. Clive ma ya juya yana gyara wa matarsa hula. Ba wanda ya ce e, ba wanda ya ce a'a, Lyall ya zare sarƙa. Tambayar da ya yi ba don ya ji amsa ya yi ta ba. Ya yi ta ne don gobe ya samu bakin cewa ai ya tambaya, kuma shi kansa ya san haka tun kafin ƙofar ta gama buɗewa.

Minti goma suka yi a ciki. Ya nuna musu tsagar da tsawa ta yi wa wani itace tun kafin a haife shi, ya nuna musu yadda ake barin ido biyu a reshe, inda sabon toho zai fito. Clive ya durƙusa a layi na uku, ya rungume wani gindi da hannu ɗaya, ya sa dunduniya ya tona ƙasa don ya ga iya bushewarta. Maureen ta ɗauke shi hoto.

Da ya miƙe ya ce, "Na janye. Lyall ko? Lyall, ka yi gaskiya. Wannan ya girmi kakata."

Daɗi ya kama Lyall har kunne. Don wannan kalma ɗaya, a kira shi da sunansa, ya buɗe ƙofar.

Abincin rana a ƙarƙashin wata babbar bishiya suka ci, a bayan wani gidan giya da ke gefen rafi: burodi, cuku, kokwamba mai tsami da tsiran naman da aka busar da hayaƙi. Suka matsa wa Lyall ya zauna da su. Clive ya sha kofi biyu na jar giya, bakinsa ya ƙara buɗewa, ya shiga labarin 'yarsa da ba ta samu zuwa ba.

"Ita da mijin suna da 'yar gonar inabi can wajenmu a Victoria. Abin tausayi. Kwarkwatar nan ta gama da rabinta. Shekaranjiya Alhamis ina can ina taya su jan matattun itatuwa da sarƙa, ruwa na zuba a kanmu. Daga nan muka hau hanya."

Lyall ya daina tauna. Ya yi kamar cokalinsa ya faɗi, ya leƙa ƙarƙashin tebur. Takalman aiki ne a ƙafar Clive, masu zurfin zane a tafi, kuma a cikin zanen akwai busasshiyar laka mai ruwan toka. Mako bakwai ke nan ba a yi ruwa a Barossa ba.

Ya ɗago ya ce, "Takalmin nan ka sa a can?"

"Ina da wani ne? Maureen ta ce in sa na kirki, na ce ƙafata ba ta san na kirki ba."

"Ƙarya kake, rowa ce," in ji Maureen.

"'Yar tamu ta yi ta fama da ni in jiƙa shi a wani magani mai wari. Na ɗauraye shi a famfo, ai ya isa. Miƙo min cukun nan, mutumina."

Lyall ya miƙa masa cuku.

Wayarsa tana aljihu. Ya san abin da ake yi, don an sha karanta musu a taron manoma: a gaya wa mai gona nan take, a ɗaure layukan da igiya, kada mutum ko tarakta ya shiga ko ya fito, a kira hukumar da ke kula da gonakin inabi. Kiran minti biyu ne. Errol zai zage shi, zai karɓe makulli, wataƙila ya shekara ba ya masa magana. Iyakarta ke nan.

Bai kira ba. Ya ce wa kansa ai zafin nan yana kashe su. Ya ce ai takalmin ya kwana biyu a mota. Ya ce ai mutumin ya ɗauraye. Kowace magana a cikin ukun tana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa ta yi masa daɗin riƙewa. Ya kai baƙinsa gidan giya na huɗu da na biyar, ya mayar da su otal, Clive ya girgiza masa hannu har kafaɗa.

A gida Noelene tana yanka tumatir ta dube shi ta ce, "Tsoho, me ya same ka? Ka zauna kamar an aiko maka da mutuwa."

"Zafi ne."

"Zafin da ka shekara hamsin da shida kana sha, yau ya san ka?"

Ya tashi ya fita wai zai wanke bas.

Washegari Lahadi, bayan an tashi daga coci, suka wuce gidan Errol cin abinci kamar yadda suke yi tun da matar Errol ɗin ta rasu. Errol dogo ne, siriri, maganarsa kaɗan, yabonsa kuwa ya fi maganar ƙaranci. Ya gasa cinyar tunkiya. Suna ci ya ajiye wani nonon inabi a tsakiyar tebur.

"Na tsohuwar garka ne. Ku ɗanɗana. Litinin ta sama za mu tsinka, in zafin nan bai yi mana sauri ba."

Noelene ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna har da 'ya'yan ciki, kamar yadda ubansu ya koya musu. "Yaya, bana sun fi na bara."

"Sun fi na shekara goma." Ya juya ga Lyall. "Wani mai bas daga birni ya zo min jiya, wai in bar shi ya riƙa kawo baƙi. Na ce masa makulli ɗaya ne, yana hannun wanda ya san abin da yake yi. Na ce mijin ƙanwata bai iya ajiye mota ba, in ya ɗauki waƙa a coci jarirai kuka suke yi, amma ya san inabi."

Noelene ta yi dariya har tana dukan tebur. "Shekara talatin yana jiran ka yabe shi, Yaya, ka haɗa masa da zagi biyu."

Lyall ya yi murmushi da fatar baki. Ya so ya faɗi maganar nan take. Amma wa zai buɗe baki bayan irin wannan yabo? Ya ce gobe. Ya ƙara nama, don kada a ce bai ci ba.

Goben ta zo, ya tashi tun rana ba ta yi zafi ba, ya ɗauki jarka da manjagara ya hau tudu ta ƙofar baya. Ya cika daro. Ya tsaya a ciki ya ƙirga sittin, ya sake ƙirga wani sittin, kamar kiyayewar yau za ta goge sakacin shekaranjiya. Sawun baƙin yana nan raɗau a kan busasshiyar ƙasa, na Clive ya fi kowanne girma, ga ramin da dunduniyarsa ta tona a layi na uku. Lyall ya bi da manjagara ya share su tas. Ya san jan ƙasa daga wannan itace zuwa wancan shi ne abin da bai kamata a yi ba in da gaske akwai wani abu a cikinta. Duk da haka ya ja. Daga ranar nan laifinsa ya tashi daga wauta ya koma ɓoyo, kuma ɓoyon da gangan ya yi shi.

Makon ya yi masa tsawo. Kullum sai ya kawo baƙi bakin shinge, ya tsayar da su bayan waya, ya yi musu jawabi a kan kwarkwatar saiwa da murya mai kauri, har wata mata ta ce ba ta taɓa ganin mai kishin ƙasarsu kamarsa ba. Idonsa kuwa yana kan layi na uku, yana neman ganyen da ya yi rawaya, alhali ya san abin ba ya nunawa sai bayan shekara biyu ko uku.

Ranar Alhamis yana gangarowa da bas cike da mutane, sai ga Errol a kan tarakta, yana jan tirela da akwatunan tsinka. Ranar Laraba Errol ya shiga tsohuwar garka da taraktan nan ya kwashe ragar da ake rufe inabi da ita saboda tsuntsaye, Lyall ya gani da idonsa. Yanzu kuma ga shi ya nufi gonar maƙwabciyarsa Joylene Kuchel, wata dattijuwa da mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Tun daga lokacin Errol ne yake kwashe mata inabinta duk kaka, ba ya karɓar komai sai kek.

Lyall ya sassauta gudu. Tayoyin taraktan manya ne, ƙasa maƙale a kowane tsagi. Hannunsa ya kai kan hon. Errol ya ɗaga masa hannu yana murmushi, wani baƙo a baya ya tambayi ko gidan giya na gaba yana da makewayi, Lyall ya ɗaga wa Errol hannu shi ma, ya wuce. Ta madubi ya ga taraktan ya karya kwana ya shige ƙofar Joylene.

Bayan wannan abinci ya daina shiga. Noelene ta yi tambaya sau biyu, ya ce bayansa ne ya motsa. Ta sayo masa man shafawa, ta shafa masa da hannunta, shi kuma ya kwanta ya bari ta shafa.

Ranar Litinin ta tsinka suka tashi da sassafe. A gidan Wundke al'ada ce 'yan gida su tsinke layin farko da hannunsu kafin 'yan ƙwadago su shiga, Noelene kuma ita ke zuwa da kek ɗin Jamusawa da shayi a babban filas. Tana jiran ruwa ya tafasa ta buɗe wayar da baƙi suke aiko da saƙo, don ita ke tsara masa ranakun aiki. Ta daɗe tana kallon wani abu.

"Lyall. Wata Maureen ta aiko da godiya, har da hoto."

Ta juyo masa da wayar. Clive ne a durƙushe, ya rungume gindin inabi yana washe baki.

"Wannan cikin waya ne ko waje?"

"Ciki."

"Sun tsoma ƙafa?"

Yana iya cewa e. Yana iya cewa a'a ya tsaya nan, ta yi faɗanta ta gama, don ba ta da hanyar sanin sauran. Ya dubi hoton, takalmin ya fito sarai a ƙasan hoton. Ya gaya mata duka: busasshen daro, Victoria, laka, manjagara, tarakta.

Ruwa ya tafasa yana ta kuka ba wanda ya kashe. Can ta miƙa hannu ta kashe.

"Tun yaushe?"

"Asabar ta wancan makon."

"Wato da wannan a cikinka ka zauna ka ci naman yayana. Har ka ƙara." Ba ta ɗaga murya ba. "Tokar gawar babanmu a layi na bakwai muka zuba ta, kana wurin."

"Na sani."

"Ba ni zan gaya masa ba. Ɗauki makullin mota."

Sun tarar da mutum goma sha huɗu a ƙofar garka da almakashi da bokitai, babu wanda ya shiga tukuna. Errol yana tsaye a kan daro yana ƙirga wa kowa sittin da bakinsa, wata mata tana ciki tana masa tsiya wai ko ya manta abin da ke bin talatin da tara. Da ya hango su ya ce, "Ga ango da amarya, sai yanzu. Ina kek ɗina?"

Lyall ya ce, "Errol, zo gefe."

A bayan bas ya gaya masa. Wannan karon ya fi gajarta, don ya riga ya faɗa sau ɗaya. Errol bai katse shi ba. Ya cire hula, ya dubi cikinta, ya mayar.

"Wane layi?"

"Na ɗaya zuwa na huɗu. A na uku ya tona."

"Ya ce Alhamis yana cikin gonar?"

"Alhamis."

"Ka ga lakar da idonka?"

"Na gani."

Errol ya juya ya dubi garkar. Lyall yana kallon fuskarsa, ya ga lokacin da tunanin ya iso, don leɓensa ya yi fari.

"Tarakta," in ji Errol.

Ya juya ya koma wajen masu tsinka, ya ce musu yau babu aiki, za a biya kowa yininsa, kada wanda ya taka ko bakin layi. Aka fara tambaya, ya ce shi ma bai sani ba tukuna. Bai ambaci sunan Lyall ba. Ya ɗauko igiya a rumfa ya ɗaure ƙofa, sannan ya koma gefe ya kira hukuma.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata ma'aikaciya ta iso da farar riga ta leda har ƙafa. Ta yi wa Lyall tambayoyi tana rubutawa, ba ta dube shi da raini ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi. Da ya zo kan manjagara sai ta ɗago kai, ta dube shi, ta ci gaba da rubutu. Ta tona gindin itace shida ta duba saiwa da gilashi, ta ɗebi ƙasa a leda, ta kife wasu bokitai a gindin itatuwan layi na uku ta danne su da ƙusa, don su kama ƙwaron in ya fito.

Errol ya ce, "To, 'yata, me kika gani?"

"Ban ga komai ba. Amma ko akwai, ba zan gani yau ba. Sau da yawa irin wannan ba ya zama komai, zafin nan ma yana taimakon ku. Sai dai ba zan iya ce maka babu ba. Abin da zan iya cewa shi ne ba mu gani ba, kuma za mu riƙa dawowa duk bazara, shekara uku aƙalla."

"Inabin fa? Yau ya kamata ya sauka."

"Ka ba mu kwana biyu ko uku mu tsara yadda za a fitar da shi. Taraktan kuma kada ya motsa. Ina ya je tun daga ranar?"

"Gonar Joylene Kuchel, ranar Alhamis. Layi-layi na bi da shi."

Ta rubuta. An ce ranar Laraba zafi zai kai digiri arba'in da ɗaya. Errol ya dubi nonnan inabin da ya ce sun fi na shekara goma. Duk wanda ke wurin ya san yadda za su koma bayan kwana uku a irin wannan rana.

Da ma'aikaciyar ta koma motarta tana waya, suka rage su biyu a bakin igiya. Noelene tana can zaune a kan akwati ta ba su baya.

Lyall ya ce, "Errol, ka zage ni. Ka ce wani abu."

"In ce me?"

"Girman kai ne ya sa na buɗe. Mutumin ya ce min direba."

"Ai direban ne kai. Mene ne abin kunya a ciki?" Errol ya murza idonsa da bayan hannu. "Ƙofar ba ita ta dame ni ba. Kowa yana iya wautar minti goma, ni ma na taɓa barin famfon feshi a buɗe na ƙone layi biyu. Da ka kira ni ranar, da na ɗaure layi huɗu, na zage ka, mun wuce wurin. Garkata ce kaɗai za ta shiga zullumi. Kwana tara, Lyall. Ina kan tarakta na ɗaga maka hannu."

"Na kai hannu kan hon."

"Ka danna?"

Lyall ya girgiza kai.

"Joylene ba ta da komai sai gonar nan. Shekararta saba'in da uku. In aka ce ta tumɓuke ta sake dashe, ba za ta ga 'ya'yan farko ba." Ya nuna hanya da haɓa. "Yarinyar nan za ta je can da rana. Ba na son Joylene ta fara ji daga bakin mai farar riga. Ni kuma ba zan je in ce mata na kai mata abu a tayata alhali ban san na ɗauko ba. Kai za ka je."

"Yanzu?"

"Kana da wata rana da ka fi so?"

An fesa wa tayoyin bas magani kafin a bar shi ya fita. Gidan Joylene bai kai tafiyar minti uku ba, amma ya yi ta kamar mai bin gawa. Bai shiga da bas ba, a bakin kwalta ya ajiye ta. A ƙofar gonar babu daro. Ya zauna a matakin bas ya kwance takalmansa ya bar su nan, ya taka da safa. Tsakuwar hanya ta ɗau zafi, tana cin tafin ƙafarsa. Dama da hagu ga layukan Joylene an tsinke su tas, ganye kore shar, ga sawun manyan tayoyi a tsakanin kowane layi biyu har ƙarshen gona.

Kafin ya ƙwanƙwasa ta buɗe ƙofar raga, tana goge hannu a jikin zanen girki. Ƙawar mahaifiyarsa ce, ta san shi tun yana rarrafe.

"Lyall ɗan Elsie. Yau wace rana? Shigo, yanzu na sauke kek, na Errol ne amma ba zai ƙirga yanka ba." Sai idonta ya sauka ƙasa. "Kai kuma ina takalminka?"

"Suna bakin hanya, Anti."

"To shigo mana, kada ka ƙone."

"A'a, nan ma ya isa. Ki samu kujera ki zauna, Anti Joylene. Magana na zo da ita a kan gonarki, kuma laifina ne."

Ta dube shi, ta dubi layukan da ke bayansa. Murmushin ya bar fuskarta a hankali. Ta jawo kujerar baranda ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya.

"Ina jin ka," in ji ta.

Ya fara daga ranar Asabar.